Yadda iskar gas da taurari suke karkatar da awon sararin samaniya

Tambaya: “Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun Fiziks. Na fahimci cewa idan ana auna yadda nauyi yake lanƙwasa hasken galaksi masu nisa, abin da ake aunawa shi ne ɓoyayyen sinadarin nan da ba ya fitar da haske, tunda shi ya fi yawa. To sai kuma na ga masana suna kuka da iskar gas da taurari, wai su ne babban cikas ga wannan awo, alhali an ce ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya ba. Ta yaya ɗan ƙaramin kaso zai ɓata awon babba? Shin su ne suka haddasa saɓanin da ake ta magana a kai na S8? Kuma me ya hana a cire su daga lissafi kawai a huta?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Tambayoyi uku kika haɗa: yadda ƙaramin kaso yake taɓa awon babba, ko shi ne tushen saɓanin S8 (lambar dunƙulewar sinadari, wadda awo daban-daban suka ba da amsa daban a kanta), da dalilin da ya sa ba a ajiye shi gefe. Ta farko da ta uku amsarsu a fili take. Ta tsakiyar ce ake ja-in-ja a kanta, kuma zan faɗa miki inda na karkata. Sai dai mu fara da abin da awon yake gani, don a nan ruɗanin ya samo asali.

Abin da awon yake gani

Nauyi yana lanƙwasa hanyar haske. Einstein ya kammala lissafin haka a 1915, aka gwada shi a husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, daga garin Sobral na Barazil da kuma tsibirin Principe, wanda yake cikin teku kudu da gaɓar Najeriya. Wancan gwaji na hasken taurari ne da ya gifta ta gefen rana. Wanda muke yi yanzu ya fi shi wuyar gani nesa ba kusa ba. Hasken galaksi mai nisa yakan yi shekaru biliyoyi yana tafe kafin ya iso mana, kuma a hanya yana ratsa gefen curin sinadari bila adadin. Kowane curi ya ɗan ja shi. Ƙarshenta hoton galaksin yakan iso a ɗan miƙe ta wani gefe, da kimanin kashi 1 cikin 100. Wannan muke kira lanƙwasar haske mai rauni.

Galaksi kuwa tun asali ba da'ira ba ne. Yawancinsu suna da tsawo ta gefe guda da ya kai wajen kashi 30 cikin 100, saboda haka daga guda ɗaya ba za ki taɓa gane abin da nauyi ya ƙara ba. Sai an tara miliyoyi. Siffar asali kowane galaksi inda ya ga dama yake fuskanta, idan an haɗa da yawa sai su soke juna. Amma biyu da suke maƙwabta a sama, haskensu kusan hanya ɗaya ya biyo, miƙewarsu takan zo ta fuska ɗaya. Ƙarfin wannan daidaituwa muke aunawa, a tazara daban-daban tsakanin galaksi da galaksi, tun daga ƙasa da ushirin faɗin wata har zuwa faɗin wata takwas ko goma.

A shekarar 2000 ƙungiyoyi huɗu daban-daban suka fara gano wannan alama. Daga baya manyan ayyuka suka biyo: KiDS da na'urar hangen nesa a Paranal ta ƙasar Chile, DES da na'urar Blanco mai faɗin mita 4 a Cerro Tololo, ita ma a Chile, wanda bayanansa na shekara uku suka ƙunshi siffar galaksi miliyan 100, da HSC a kan na'urar Subaru ta Japan da ke Hawai. Kumbon Euclid na Turai ya tashi ranar 1 ga Yuli, 2023, zai auna siffar galaksi fiye da biliyan ɗaya, cibiyar Rubin kuma ta nuna hotunanta na farko a Yuni 2025.

Ga inda fahimtarki take bukatar ɗan gyara. Haske ba ruwansa da irin abin da ya ja shi. Kilo ɗaya na iskar gas da kilo ɗaya na ɓoyayyen sinadari ja ɗaya suke yi masa. Jimillar nauyi awon yake gani, kuma yana ganinsa daidai. Cikas ɗin yana wajen fassara. Alƙaluman da muka auna ba sa faɗin komai game da tarihin sararin samaniya sai an kwatanta su da hasashe: idan sinadari kaza ne yawansa, ɓoyayyen makamashi, wato abin da yake ƙara saurin faɗaɗar sararin samaniya, kuma hali kaza gare shi, yaya ya kamata nauyi ya dunƙule a yau? Hasashen ɓoyayyen sinadari shi kaɗai mun iya shi, domin jan nauyi kawai yake bi, kuma kwaikwayon kwamfuta yana ba mu shi da kuskuren da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Sinadarin yau da kullum, wanda masana suke kira bariyon, shi ne mai taurin kai. Yana zafi, yana hucewa, yana da matsi, yana zama taurari, ana kuma iya hankaɗe shi.

Kashi 5 ɗin da ba ƙarami ba ne

Kashi 5 da kika ambata kaso ne daga dukkan abin da ke sararin samaniya, har da ɓoyayyen makamashi mai kusan kashi 68. Shi kuwa ɓoyayyen makamashi ba ya dunƙulewa, saboda haka ba ya cikin curin da suke miƙar da hoton galaksi. Idan kika cire shi, saura kashi 27 na ɓoyayyen sinadari da kashi 5 na bariyon. Biyar cikin 32 kusan kashi 16 ne cikin 100, wato ɗaya bisa shida na duk abin da yake iya dunƙulewa.

Sannan abin da muke aunawa daidaituwa ce tsakanin wurare biyu, don haka ya dogara da nauyi sau nauyi. Ki ɗauka an kwashe dukkan bariyon daga curin da ke wani ma'auni an baza shi. Abin da ya rage 0.84 ne. Ki ninka 0.84 da kansa, za ki samu 0.71. Alamar ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ke nan. Euclid da Rubin kuwa suna son hasashen da ya dace da gaskiya zuwa kashi 1. Ko da sulusin iskar ce kawai ta bar wurinta, mun riga mun wuce wannan iyaka ninki goma.

Wa yake kwashe iskar?

Abubuwa biyu suke jan bariyon ta fuskoki biyu masu gaba da juna. Na farko hucewa: iskar gas tana zubar da zafinta ta hanyar haske, ta nitse zuwa tsakiyar curi, ta zama taurari. Wannan yana ƙara cunkoso a can tsakiya, a ƙananan ma'auni ƙwarai. Ɓoyayyen sinadari ba shi da hanyar zubar da zafi, ba ya iya haka. Gungun galaksi da ake kira Bullet, wanda aka bayyana nazarinsa a 2006, ya nuna bambancin halayen biyu ƙuru-ƙuru: gungu biyu sun yi karo, iskar gas ɗinsu ta gwabza ta tsaya a tsakiya, mafi yawan nauyin kuwa ya wuce abinsa, kuma lanƙwasar haske ce ta nuna inda ya je.

Na biyu shi ne martani, wato makamashin da taurari da baƙin rami suke mayarwa cikin iska har ya kore ta, kuma shi ne babban. Manyan taurari suna fashewa su kori iskar da ke kewaye da su, amma ƙarfinsu ya fi tasiri a ƙananan galaksi. Mai aikin gaske shi ne ƙaton baƙin ramin da ke tsakiyar kowane babban galaksi. Na galaksin M87, wanda aka fitar da hotonsa a 2019, nauyinsa ya kai na rana biliyan 6.5. Baƙin rami irin wannan ɗan ƙaramin kaso ne kawai na nauyin taurarin tsakiyar galaksinsa, amma yayin da yake haɗiyar iska, kusan ushirin nauyin abin da ya haɗiya yana fitowa a matsayin makamashi. Idan kika lissafa da E=mc², za ki ga abin da ya fitar a tsawon rayuwarsa ya ninka makamashin da ke ɗaure da galaksin sau gommai. Ko ɗan kaɗan daga ciki ya shiga iskar gas, ya isa ya fatattake ta. Muna ganin shaidar haka da idonmu. A gungun MS 0735, na'urar Chandra mai ganin hasken eksire (X-ray) ta nuna kogo biyu a cikin iska mai zafi, kowanne faɗinsa kusan tafiyar haske ta shekara 600,000, waɗanda feshin baƙin ramin tsakiya ya huda.

Abin ya yi kama da sheƙar hatsi a masussuka. Tsaba tana zuba a tsibi, ƙaiƙayi kuwa iska ce take yanke masa inda zai sauka. Babu abin da ya ɓace daga filin, amma wanda ya auna tsibin kaɗai zai samu ƙasa da abin da aka zubo daga ƙwarya, kuma gibin ya dogara da ƙarfin iskar ranar.

Ba kowane curi ne yake asara ɗaya ba. Manyan gungu masu nauyin rana tiriliyan 1,000 jansu ya yi ƙarfi, iskarsu ba ta iya tserewa, kuma idan aka auna bariyon ɗinsu ana samun kusan kashi 16 ɗin nan cif. Matsakaita, masu nauyin rana tiriliyan 10 zuwa 100, su ne abin ya fi shafa. Suna da baƙin rami mai ƙarfi, jansu kuma bai isa ya riƙe iskar ba, shi ya sa ake samun su da rabin kasonsu ko ƙasa da haka. Kuma waɗannan matsakaitan su ne suke ba da kaso mafi tsoka na alamar lanƙwasar haske a ƙananan tazara. Akwai ƙari a kai: idan iska ta fice, jan curin yana raguwa, sai ɓoyayyen sinadarin da kansa ya ɗan saki jiki ya buɗe.

Marcel van Daalen da abokan aikinsa sun auna wannan a 2011 da kwaikwayon OWLS. A samfurin da ya haɗa da martanin baƙin rami, dunƙulewar nauyi ta ragu da kashi 1 tun a ma'aunin tafiyar haske ta shekara miliyan 100, ta ragu da fiye da kashi 10 daga miliyan 30 zuwa ƙasa, ta kai kusan kashi 30 a wajen miliyan 3, sannan can ƙasa sosai ta juya ta hau saboda taurari. A wannan shekarar Elisabetta Semboloni da nata abokan suka nuna cewa aiki irin na Euclid, idan ya yi biris da wannan, zai iya kuskuren kusan kashi 40 cikin 100 a lambar da take bayyana halin ɓoyayyen makamashi. Tun daga nan maganar ta daina zama ta gefe.

Me ya sa kwamfuta ba ta warware mana ba

Za ki ce, tunda an san dalilin, a sa shi cikin kwaikwayo mana. Ana sawa. Sai dai ki dubi girman tazarar. Kwaikwayon FLAMINGO mafi girma, na 2023, akwati ne mai faɗin tafiyar haske ta shekara kusan biliyan 9, kuma ɗigo guda na iska a cikinsa nauyin rana biliyan ɗaya yake wakilta. Faifan iskar da ke zagaye baƙin rami kuwa faɗinsa tafiyar haske ce ta kwanaki. Babu kwamfutar da za ta riƙe waɗannan ma'auni biyu a lokaci guda. Abin da ake yi shi ne a rubuta ƙa'ida da hannu: idan baƙin rami ya haɗiyi iska kaza, a zuba zafi kaza a ɗigogin da ke kusa da shi, ko a harba su da gudu kaza. Sai a yi ta murɗa lambobin har galaksin cikin kwamfuta su yi kama da na sama.

To da me za a kamanta? A nan ƙungiyoyi suka rabu. Kwaikwayon EAGLE da na IllustrisTNG sun fi mai da hankali kan taurari da siffar galaksi, martaninsu a manyan ma'auni ya fito da sauƙi. Illustris na farko, na 2014, martaninsa ya yi tsanani har ya kusa share iskar matsakaitan gungu. BAHAMAS da FLAMINGO an daidaita su ne da gangan da yawan iskar da na'urorin eksire suka auna a gungu, suka faɗo a tsakiya. Dukkansu aikin ƙwararru ne, amma idan kika jera hasashensu, a ma'auni guda wani zai ce ragin bai kai kashi 10 ba, wani ya ce ya haura 30.

Akwai labari mai daɗi a cikin wannan ruɗani. A 2020 van Daalen, da Ian McCarthy da Joop Schaye sun tara kwaikwayo masu yawa suka ga cewa duk da bambancin ƙa'idojinsu, abu ɗaya ne yake faɗin girman ragin: kason bariyon da ya rage a cikin gungu masu nauyin rana tiriliyan 100. A ganina wannan yana cikin sakamako mafi amfani a fannin, domin yana nufin ba sai mun fahimci cikin baƙin rami ba kafin mu gyara awonmu. Ya isa mu san inda iskar take.

Batun S8

S8 lamba ce da take taƙaita yadda sinadari ya dunƙule a yau. An haɗa ta daga yawan sinadari da kuma bambancin da ake samu tsakanin wuri da wuri idan aka ɗauki ƙwallaye masu nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 40 daga tsakiya zuwa baki aka auna abin da ke cikinsu. Kumbon Planck ya auna tsohon hasken da ya fito lokacin da sararin samaniya yake da shekara 380,000, aka yi amfani da samfurin da aka yarda da shi aka turo lissafin gaba har zuwa yau, shekara biliyan 13.8, sai aka samu 0.83. KiDS a 2020 ya ba da 0.76. Lanƙwasar haske ta DES a 2021 ita ma 0.76. HSC a 2023 tsakanin 0.77 da 0.78. Kowanne ya kauce wa Planck da ninki biyu zuwa uku na kuskuren awonsa, kuma duk ta fuska ɗaya suka kauce.

Fuskar ta dace da zargin bariyon. Idan martani ya baza nauyi kuma hasashenki bai san da haka ba, za ki ga alama mai rauni ki fassara ta da cewa S8 ƙarama ce. Wata shaida ta ƙara wa zargin ƙarfi: shi kansa tsohon hasken yana lanƙwasa a hanyarsa, kuma awon wannan da na'urar ACT ta fitar a 2023 ya dace da Planck. Wancan awon yana ganin manyan ma'auni ne a zamani mai nisa, inda martani ba shi da tasiri sosai. Alexandra Amon da George Efstathiou sun tsaya a kan wannan a 2022, suka tambaya: wane irin ragi ake bukata a ƙananan ma'auni don a sasanta ɓangarorin biyu? Amsar da suka samu ta fi abin da yawancin kwaikwayo suke bayarwa tsanani. Ƙungiyar FLAMINGO a 2023 ta ce martanin da ya dace da awon eksire na lokacin bai isa ya rufe gibin ba.

Sai abubuwa suka fara motsi ta wata hanya. Giovanni Aricò da abokansa sun sake nazarin bayanan DES a 2023 da dukkan ma'auni da samfurin bariyon mai sassauci, suka samu kusan 0.80. Haɗin gwiwar DES da KiDS a shekarar ya ba da 0.79. A Maris 2025 KiDS ya fitar da sakamakonsa na ƙarshe, 0.815, wanda ya dace da Planck, kuma abin da ya fi ɗaga lambar shi ne ingantuwar ƙiyasin nisan galaksi da ƙarin faɗin sama da aka auna. Wato bariyon ba su ne suka ɗaga ta ba.

Ni abin da na ɗauka shi ne bariyon suna da hannu, amma ba su kaɗai ba, mai yiwuwa ma ba su ne babba ba. Gibin ya taru ne daga ƙananan abubuwa masu ja ta fuska ɗaya: nisan galaksi, hasashen dunƙulewa a ƙananan ma'auni, martani, da kuma yadda galaksi maƙwabta suke karkata tare tun asali saboda jan abin da ke kewaye da su, wanda shi ma a ƙarshe batu ne na yadda bariyon yake zama galaksi. Ba na jin daɗin yadda wasu suke ɗora wa martani duk wani saɓani da ya taso, domin abin da ba a auna da kyau ba yana da sauƙin ɗora wa laifi. Wannan hukunci nawa ne daga ɓangaren masu nazarin bayanai, kuma akwai masu gina kwaikwayo da masu awon iska da za su ba martani kaso mafi girma.

Me ya hana a cire su?

Ba za a iya cire bariyon daga hasken ba, tunda jan ya riga ya gauraya. Abin da za a iya cirewa shi ne ma'aunin da suka fi taɓawa, kuma DES haka ya yi. Sun ɗauki OWLS mai martanin baƙin rami a matsayin mafi munin abin da ake tsammani, suka yi ta yanke ƙananan tazara har karkatar da zai jawo ta koma ƙasa da kashi 30 cikin 100 na kuskuren awo. Hanya ce mai tsabta, amma da tsada: ƙarfin alamarsu a kan hayaniya ya sauko daga 40 zuwa 27. Kuma tana da rauni biyu. Idan martanin gaske ya fi na OWLS tsanani, yankan bai isa ba. Sannan duk lokacin da awo ya ƙara kyau, dole yankan ya ƙara zurfi. Ga Euclid da Rubin, wannan yana nufin a kashe kuɗi mai yawa a tara bayanai sannan a zubar da ɓangaren da ya fi ƙarfin alama.

Hanya ta biyu ita ce a bar ma'aunin, a ƙara wa hasashe wasu lambobi da ba a ƙayyade ba masu wakiltar ƙarfin martani, a bar bayanan su zaɓa. Samfurin lissafin HMcode na Alexander Mead yana yin haka da lamba guda. Hanyar da Aurel Schneider da Romain Teyssier suka fito da ita a 2015 ta fi sassauci: a ɗauki kwaikwayon ɓoyayyen sinadari zalla, a gusar da ɗigoginsa ciki da waje bisa yadda iska da taurari ya kamata su zauna. A aikina, kafin a taɓa bayanan gaske, mukan ƙirƙiri na bogi: mu ɗauki hasashe mai S8 da muka sani, mu shafa masa ragin wani kwaikwayo, mu nazarce shi da samfurinmu mu ga ko zai maido mana da lambar da muka sa. Abin da nake gani a kai a kai shi ne samfuri mai lamba guda yana aiki lafiya idan kwaikwayon danginsa ne, ya karkace idan siffar ragin ta bambanta. Mai lambobi da yawa ba ya karkacewa, amma kuskuren awo yana buɗewa, domin bayanan ba sa iya bambance “S8 ƙarama da martani mai sauƙi” daga “S8 babba da martani mai tsanani”.

Shi ya sa na fi ba hanya ta uku muhimmanci, wato a fita a auna iskar kanta da wasu na'urori, a kawo sakamakon a ɗaure lambobin nan. Hasken eksire shi ne tsohuwar hanya. Rauninsa shi ne haskensa yana bin cunkoso sau cunkoso, yana ganin tsakiyar gungu da kyau ya makance a gefe, inda korarriyar iskar take. Kuma idan ta hanyar eksire kika zaɓo gungunki, masu yawan iska za ki fi kamawa, tunda su suka fi haske. Na'urar eROSITA, da aka harba a 2019, ta ba da damar a tara hasken gungu da aka zaɓo ta wata hanya, kuma wasu nazarce-nazarce da ita sun samu iska ƙasa da yadda aka zata.

Akwai kuma tasirin da masana biyu, Sunyaev da Zeldovich, suka yi hasashe tun shekarun 1970. Tsohon haske yana karo da elektiron ɗin iskar gas a hanya. Idan iskar tana tafiya, takan ɗan sauya zafin hasken daidai da yawan elektiron da gudunsu, ko iskar mai zafi ce ko a'a, don haka wannan awo yana ganin gefen da eksire ba ya gani. Da aka haɗa taswirar ACT da galaksin da aikin ƙidayar galaksi na BOSS ya tara a 2021, sannan da na makamancinsa DESI a 2024, an ga iskar ta bazu nesa fiye da yadda IllustrisTNG da ire-irensa suka yi hasashe. Sabuwar hanya ita ce gajerun walƙiyar rediyo masu zuwa daga nesa, waɗanda aka fara ganowa a 2007. Ƙananan mitocinsu suna makara gwargwadon yawan elektiron da suka ratsa, kowace walƙiya ta zama ƙidayar iskar da ke kan layinta. Da su Jean-Pierre Macquart da abokansa suka nuna a 2020 cewa bariyon da aka daɗe ana nema suna nan a baje tsakanin galaksi.

Waɗannan awo ba su gama daidaituwa da juna ba. Na Sunyaev da Zeldovich yana nuni ga martani mai tsanani, wasu masu awon eksire kuma suna cewa martani irin wannan zai bar gungu da iskar da ta yi kaɗan idan aka kwatanta da abin da suke gani. Sannan kowane ɗayansu yana bukatar a san nauyin curin da ake dubawa, kuskure kaɗan a nan yana sauya fassarar gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna a nan gaba shi ne niyutirino, ƙananan ƙwayoyin nan marasa caji masu ɗan ƙaramin nauyi ƙwarai. An san jimillar nauyin nau'o'insu uku ba ta gaza 0.06 eV ba (eV shi ne awon nauyin ƙananan ƙwayoyi), kuma saboda gudunsu suna hana sinadari dunƙulewa a ƙananan ma'auni da kusan kashi 4 cikin 100 a wannan mafi ƙarancin nauyi. Ki kwatanta kashi 4 da kashi 10 zuwa 30 na martani. Dukansu ragi ne. Abin da ya raba su shi ne siffa da lokaci: na niyutirino yana farawa tun daga manyan ma'auni sannan ya daidaita, na martani yana nitsewa sannan ya hau, kuma ba tafiya ɗaya suke yi ba a tsawon tarihi. Shi ya sa ake raba galaksi rukuni-rukuni bisa nisansu, ana kuma ƙara awon da ya wuce na bibbiyu, kamar daidaituwar wurare uku ko ƙidayar ƙololuwar nauyi a taswira, domin martani yana taɓa su ta wata siga daban.

Tunda kina ajin ƙarshe, za ki iya ganin wannan da kanki a kwamfutar cinya. Manhajar CAMB kyauta ce, tana aiki da Python, kuma HMcode na 2020 yana cikinta. Ki fitar da hasashen dunƙulewa ba tare da martani ba, ki sake fitarwa da lambar zafin baƙin rami (logaritim ɗin zafin da ake zuba wa iska) a 7.6, da 7.8, da 8.0, waɗanda su ne matakai uku na BAHAMAS da aka daidaita samfurin da su, ki raba kowanne da na farkon ki zana. Daga nan ki kashe martani, ki ɗaga nauyin niyutirino daga 0.06 zuwa 0.2 eV, ki zana a kan takarda ɗaya. Inda layukan suka hau kan juna, nan ne lanƙwasar haske ita kaɗai ba za ta raba gardama ba, sai an nemo awon iska. Wannan kaɗai ya isa aikin kammala digiri mai kyau, idan kika ƙara da lissafin yadda S8 take gusawa a kowane mataki. Allah Ya ba da sa'a.